Shinji matsoraci ne, ko yaro ne da uba ya jefa a wuta?

Ɗan Fagge: Jama'a, maganata a kan Evangelion, shirin zane mai motsi na Japan, ɗaya ce: Shinji Ikari matsoraci ne, kuma har aka gama kashi 26 ɗin nan na 1995 zuwa 1996 bai girma ba. Ana ta cewa wai labarin yaro ne da ya zama mutum. Yaushe ya zama? Rabin mutanen duniya sun mutu tun bala'in shekarar 2000, baƙin halittu suna afka wa birnin Tokyo-3 ɗaya bayan ɗaya, waɗanda za su iya tuƙa Eva, wato mutum-mutumin da ke tare su, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, shi kuma sai kuka. A kashi na 4 ya gudu, a na 19 ya ajiye aiki.

Uwar Biyu: Ƙanena, koma kashi na farko ka kalla a natse. Shekarunsa 14. Ubansa Gendo ya bar shi wajen wani malami tun yana ƙarami bayan rasa mahaifiyarsa, rabon da su ga juna shekara uku, sai ga takarda ya zo. Yaron ya taho da ɗan sa ran uba ya tuna da shi. Ko sannu da zuwa bai samu ba, aka nuna masa Eva, abin da bai taɓa gani ba, aka ce shiga ka yi yaƙi yanzu. Da ya ƙi, sai uban ya sa aka turo Rei, wata yarinya matuƙiya, a gadon asibiti, duk jikinta bandeji, ko zama ba ta iyawa, wai ita za ta hau. Shinji ya riƙe ta, ya ga jini a hannunsa, ya ce zai shiga. Wannan ne matsoracinka?

Ɗan Fagge: Anti, dole aka yi masa. Abin da aka yi da dole ba jarumta ba ne.

Bazazzagi: To na kashi na 10 wa ya yi masa dole? Asuka, ita ma matuƙiya, na nutsewa da Eva ɗinta cikin dutse mai aman wuta, ya faɗa ya cafko ta, alhali nasa mutum-mutumin ba shi da rigar kariya irin tata. Kada ka manta kuma duk abin da ya samu Eva matuƙi yana jin sa a jikinsa. A faɗan farko an karya mata hannu, an huda mata kai. Toji, ɗan ajinsu da ya naushe shi saboda ƙanwarsa ta ji rauni a wancan faɗan, da ya shiga ciki ya ga yadda yaron ke kururuwa yana yaƙi, shi da kansa ya nemi a rama.

Malam Na Damagaram: Ni ba tsoron ne ya dame ni ba, yadda yake yi wa mahaifinsa ne. Komai lalacewar uba, uba ne. A kashi na 19 har barazanar rushe hedkwatar NERV, hukumar da ke kula da Eva, ya yi, ubansa na ciki. Yaranmu suna kallon wannan tun da Netflix ta sa shi a 2019, kuma ban ga abin koyi a nan ba.

Uwar Biyu: Allah ya gafarta Malam, ku kuka karantar da mu cewa ɗa ma yana da haƙƙi a kan uba. A duba abin da ya jawo barazanar. A kashi na 18 wata halittar ta kama Eva ta uku da matuƙinta a ciki. Shinji ya ce ba zai kashe yaro ɗan'uwansa ba, ko da shi za a kashe. Gendo ya ƙwace tuƙin ya miƙa wa na'ura, yaron na zaune a ciki yana roƙo a tsaya, yana kallo hannun da yake ji kamar nasa ya murƙushe kwanson matuƙin. Da aka buɗe, Toji ne. Ya rayu, amma ya rasa ƙafa. Uban ya san wanda ke ciki tun farko. Wannan ƙin da Shinji ya yi, a wurina, shi ne lokacin da ya fi duk manyan da ke wurin hankali. Abin da ya fi ci min rai ma na kashi na 12 ne, inda uban ya yaba masa sau ɗaya ta waya, yaron ya riƙe wannan kalma ɗaya ya mai da ta dalilin ci gaba da shiga wuta. Amma na yarda da Malam a kan kallon yara. Fim ɗin 1997 da ya ƙarasa labarin musamman, kada a bar ƙanana kusa da shi.

Ɗan Fagge: A ajiye tausayi a yi lissafi. Manyan nasarorinsa, na kashi na 2, na 16, na 19, ba shi ya ci ba. Eva ce ke haukacewa ta yi da kanta, saboda ruhin uwarsa Yui yana cikinta. Uwa ce ke ta ceton ɗanta. Ku dubi Simon na shirin Gurren Lagann, 2007, kamfani ɗaya ne ma, Gainax. Shi ma da rawar jiki ya fara, Kamina da ya ɗauka kamar yayansa ya mutu a kashi na 8, ya yi makokinsa, a na 11 ya miƙe, bai sake waiwaye ba.

Bazazzagi: Yaya, kai da bakinka ka kawo amsar. Simon yana da Kamina, wanda kullum yake gaya masa ya yarda da shi. Wa Shinji yake da shi? Misato, jami'ar NERV, ta ɗauke shi gidanta, tana ƙaunarsa, amma ita ce kuma mai ba da umarnin a harba shi fagen daga. Gudun ma ba shi ya fara ba. Amuro na shirin Gundam, 1979, ɗan shekara 15, ya ƙi fita har aka mare shi, daga baya ya tsere da mutum-mutumin gaba ɗaya. Bambancin kawai Hideaki Anno, wanda ya shirya Evangelion, bai yi saurin warkar da nasa yaron ba. Ya yi shirin ne bayan shekarun da ya sha fama da ciwon damuwa, a shekarar da girgizar ƙasar Kobe ta kashe mutum fiye da 6,000 aka kuma saki iskar guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. Masu kallo na lokacin ba jarumi mai dariya suke nema ba.

Auta: Ni dai na 19 ne ya tsaya min. Ya riga ya tafi, babu mai iko da shi. Ya ga an fille kan Eva ɗin Asuka, ya tarar da Kaji, wani ma'aikacin NERV, yana ba kankana ruwa, Kaji ya ce ba mai tilasta masa, ya yanke da kansa. Da gudu ya koma, ya tsaya gaban uban ya ce a bar shi ya hau.

Ɗan Fagge: Na 19 na bar muku. Fim ɗin 1997 fa? Sojoji suna karkashe ma'aikatan NERV, Asuka ita kaɗai tana fama da Eva tara, shi yana zaune ya dunƙule.

Bazazzagi: Lokacin da ya isa, an riga an binne Eva ɗinsa cikin wani ruwan roba da ya daskare. Babu ta inda zai shiga.

Uwar Biyu: Kuma bai jima da kashe Kaworu, sabon matuƙin da ashe ɗaya ne daga baƙin halittun, da hannunsa ba, mutum ɗaya da ya taɓa ce masa yana ƙaunarsa a fili. Duk da haka, a ƙarshen fim ɗin da aka narkar da mutane suka zama abu ɗaya, babu mai cutar wani, aka bar masa zaɓi, cewa ya yi a dawo da kowa jikinsa ko da za a sake ɓata masa rai. Wanda ya fi kowa shan wuya a hannun mutane ne ya zaɓi zama da su.

Ɗan Fagge: Wancan zaɓin ya zo bayan an gama da Asuka. Ni ƙarƙashin matakalar nan nake magana, inda ya zauna yana jiran sojoji su harbe shi. Da ya tashi tun kiran farko, Misato ba za ta bar ɗakin umarni ta fita nemansa ba, kuma a wannan fitar aka harbe ta ta mutu.