Dokar hayar Legas tana aiki a Sakkwato?

Bello_Mabera:
Assalamu alaikum. Masu gidaje a Mabera da Arkilla sun fara neman kuɗin shekara biyu a dunƙule. Na ji an ce doka ta hana. Haka ne?

Lauya_Gawon_Nama:
Wa alaikumus salam, Malam Bello. Dokar Legas ce ta 2011, kuma a Legas ta tsaya, domin haya hurumin jiha ne. Can an hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Wanda ya karya, tarar N100,000 ko wata uku a gidan yari. Ko a Legas ɗin ma ba ta shafi Ikoyi, Apapa, Victoria Island da Ikeja GRA ba. Ba ta yanke farashi ba, amma ɗan haya na iya kai ƙara kotu idan ƙarin ya wuce kima.

Hajiya_Asabe:
Jamus ta fi matsawa. Tun 2015, a birane masu ƙarancin gidaje, sabuwar haya ba ta wuce farashin unguwa da fiye da kashi 10 cikin 100. Balin, babban birninta, ta daskarar da kuɗin hayar yawancin gidaje, kotun tsarin mulki ta soke a 2021, ta ce ikon tarayya ne.

Dillali_Runjin_Sambo:
Malam, a nan takarda ce garkuwarka. A rubuta kuɗin, ranar shiga, wa'adin sanarwar tashi, da wanda zai gyara rufi in damina ta yi ɓarna. Shaidu biyu su sa hannu, ka karɓi rasit. Yarjejeniyar baki ke kashe mutane: mai gida ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba.