Methotrexate ya ƙi fita daga jiki: me ke riƙe shi?

Lokotoron yara: Salamu alaikum. Maganar maganin methotrexate mai yawa ce, daga miligiram 500 a kowane murabba'in mita na faɗin jiki zuwa sama, wanda ake sa wa masu sankarar jini. Mafi yawansa ƙoda ke fiddawa ta fitsari. In ya daɗe a jiki baki ya yi gyambo, ƙwayoyin jini su faɗi, ita ƙodar ma ta tsaya. A gwajin jini ana so ya sauka ƙasa da maikromol 10 a lita a awa 24, ƙasa da 1 a awa 48, ƙasa da 0.1 a awa 72. Me kuke gani yana hana shi sauka?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Lokotoro. Ƙarancin ruwa ne kan gaba. Ana ɗaura ƙarin ruwa awa 12 kafin magani, wajen lita 3 a murabba'in mita a yini, da bikarbonat a ciki, kuma ba a farawa sai pH na fitsari, wato awon tsaminsa, ya kai 7. In fitsari ya yi tsami maganin daskarewa yake cikin ƙananan hanyoyin ƙoda ya toshe su. A zafin Afrilu da Mayu na Maradi lissafin takarda bai isa ba, zufa na kwashe rabonta, balle a ce da amai ko zawo. A ba mai jinya roba mai awo, kowane fitsari a rubuta. Baƙin lemon kwalba yana tsamar da fitsari, a hana. Kanwa kuma ba ta maye gurbin bikarbonat na asibiti, na faɗa ne don akwai masu kawo ta da kyakkyawar niyya.

Mai harhaɗa magani: Hajiya, a haɗa da jakar majinyaci. Kada a tsaya ga tambaya "kana shan wani magani?", za a ce a'a, don ƙwayar da aka saya a tebur ba a ƙirga ta. A ce a zazzage jakar. Ibuprofen, diclofenac da aspirin suna rage aikin ƙoda. Omeprazole da dangin penisilin, irin su amoxicillin, suna jinkirta fitarsa. Cotrimoxazole kuwa yana ƙara masa dafi a ɓargo, a dakatar da shi kwanaki kafin a fara. Jiƙo ma a ajiye.

Mai duban eko: Ruwan da ya taru a ciki ko a ƙirji fa? Maganin na shiga ya kwanta kamar a randa, ya riƙa tsiyayowa cikin jini kwana da kwanaki. A zuƙe kafin a fara. Yaro mai tamowa da albumin ɗinsa, wato wani furotin na jini, ya faɗi, da mai ciwon Down, a ninka sa ido.

Lokotoron yara: Madalla, Malam. Inda babu gwajin maganin a jini, creatinine, wadda ke nuna aikin ƙoda a gwajin jini, ita ce madogara: a auna kafin a fara, a auna kullum. In ta hau, a ƙara ruwa, a ƙara folinik asid, maganin kariya da ake bayarwa bayan methotrexate, a nemi turawa gaba tun da wuri. Shi folinik asid kare ƙwayoyin jiki yake, ba ya fidda maganin, kuma folik asid na masu ciki ba ya maye gurbinsa. Wata allura mai suna glucarpidase ce ke farfasa maganin a jini, amma sai an ba da ita cikin awa 48 zuwa 60 da fara methotrexate.