Waɗanda suka bar lab suka shiga majalisar jiha a Amurka, ku zo ku ba mu labari

Ɗan Gwammaja:
Salamu alaikum jama'a. Saura wata biyar in kammala digirin digirgir a nan Amurka, kan gurɓatar ruwan ƙarƙashin ƙasa nake aiki, kuma gaskiya na gaji da kwana a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje. Wani abokina ya ce in nemi shirin nan da ake ɗaukar masana kimiyya su yi shekara guda suna aiki da 'yan majalisar jiha. Na san na AAAS, ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta Amurka, da ke kai mutane Washington tun 1973, amma na jihohi ban san kansa ba. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mana yadda abin yake a zahiri.

'Yar Zazzau:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na yi na Kalifoniya, wanda CCST, wata cibiyar ba da shawara kan kimiyya da fasaha a jihar, ke gudanarwa, a 2009 suka fara shi da tallafin gidauniyar Gordon da Betty Moore. A Nuwamba ake shiga, a yi muku 'yan makonni ana koya muku yadda ƙuduri ke zama doka, sannan ofisoshi su yi muku intabiyu, wani ya faɗa ofishin ɗan majalisa wani kuma kwamiti. Zaure biyu ne a majalisar da ke Sakramento, babban birnin jihar, na wakilai mutum 80, na dattawa 40. Ni kwamiti na faɗa, kuma aikin kwamiti shi ne duk ƙudurin da zai zo gabansa sai an rubuta masa sharhi tukunna.

Toh sharhina na farko shafi tara na yi, har da jadawali, ina ta jin daɗi wai na burge. Babbar jami'ar da nake ƙarƙashinta ta ɗauki jan biro ta bi shi layi-layi, da ta gama ta ce min ɗan majalisa zai karanta wannan ne yana tafe daga ofis zuwa ɗakin zama, kofi a hannu ɗaya, wani kuma na binsa yana masa magana a kunne. Shafi biyu ya koma, kuma wlh da na sake karantawa ban ga abin da ya ɓata ba sai girman kaina. Sannan ka cire rai da cewa fanninka za a tambaye ka, ni cututtukan shuka na karanta amma ƙudurin farko da aka miƙo min kan tsofaffin tayoyin mota ne. Abin da digirin ya amfane ni da shi shi ne in aka kawo rahoto mai ƙyalli ina iya ganewa cikin minti goma ko mutum ashirin kawai aka tambaya aka kira shi bincike, kuma ba na jin kunyar ɗaga waya in kira farfesan da ban sani ba.

Ɗan Gwammaja:
Yaya, to ƙudurorin da kika sha wahala a kansu sun zama doka kuwa?

'Yar Zazzau:
Wasu. Akwai wani fayil da kwamitin kasafi ke jibge duk ƙudurin da zai ci kuɗi da yawa, rana ɗaya ake yanke musu hukunci, da dama a nan suke mutuwa ko ƙuri'a ba a kaɗa ba. Ranar farko abin ya tsaya min a rai, daga baya na saba.

Bakatsine:
Namu na jihar Mizuri daban ne, MOST ake ce masa. Ba a ba ka ga ɗan majalisa ɗaya, kowa na iya aiko da tambaya, ku rubuta masa gajeren bayani na abin da bincike ya nuna ba tare da kun ce a yi kaza ko kar a yi ba. Majalisar wakilansu mutum 163 ce kuma daga Janairu zuwa tsakiyar Mayu kawai suke zama, saboda haka komai a guje ake yi. Akwai wani dattijo manomi da na yi wa bayani a baranda, ya saurara tsaf sannan ya ce to kai da za ka kaɗa ƙuri'a ina za ka? Na ce ranka ya daɗe ni ba a zaɓe ni ba, ya yi dariya ya tafi, bayan sati biyu sai ga wata tambayar daga ofishinsa. Da na ba shi amsa ranar nan ina jin da shikenan, ɗaya ɓangaren na siyasa ba za su ƙara yarda da takardata ba.

Mai Lissafi:
Kar dai a yi ta zuba zuma. Ni a wata jiha na yi, ba zan faɗi suna ba, kuma wanda na yi wa aiki ya riga ya yanke shawara tun kafin in zo, adadi ɗaya kawai yake so da zai karanta a zaure. Na kawo masa bincike uku, biyu sun saɓa masa, ya ɗauki na ukun ya bar sauran a kan tebur ko buɗewa bai yi ba. Na kwana biyu ina tunanin ajiye aikin. Albashin ma dai a yi haƙuri, in kana da iyali ka yi lissafin haya tun kafin ka sa hannu.

Na Gida:
Ikon Allah, ni ina karantawa ina murmushi. Shekara huɗu na yi ina wa wani ɗan majalisar jiha hidima a nan gida, in ƙuduri ya zo mai sarƙaƙiya wani abokina lakcara nake kira da daddare ya min bayani a waya, da safe in faɗa wa Honarabul a mota. Ashe abin da muke yi a kyauta wasu sun mai da shi aiki da albashi.

Bakatsine:
Ɗan Gwammaja ka fara duba maganar takardun zama kafin komai, na AAAS da ke kai mutum ma'aikatun tarayya sai ɗan ƙasar Amurka, na jihohi kuma kowanne da nasa sharaɗin. Akwai na Eagleton a jami'ar Rutgers ta New Jersey, akwai na Idaho, Bajiniya ma na da COVES na lokacin bazara wanda ɗalibai ke yi tun ba su gama ba.

'Yar Zazzau:
Kuma kafin ka cike fom, gwada rubuta aikinka na shekara biyar a shafi ɗaya, ka turo min in gani.

Ɗan Gwammaja:
Yaya tun bayan isha'i nake kai, na matse na matse har yanzu shafi huɗu ne. Zan turo miki a haka, ki nemo jan biron.