Ba ni da gareji, a ina zan riƙa cajin motata mai lantarki?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan hali.

Wata huɗu ke nan da sayen motar. A gidan bene nake haya, hawa na biyu, babu harabar ajiye mota, don haka a bakin titi take kwana. Batirinta kilowat-awa 60 ne. Soket ɗin gida kuwa kimanin kilowat 2.3 yake bayarwa, sai ta haura awa 24 kafin ta cika. Ko na haƙura da wannan, dole waya ta ratsa hanyar masu tafiya a ƙasa. Sau ɗaya na gwada, wata dattijuwa ta kusa faɗuwa. Tun ranar na daina, abin ya tsaya mini a rai.

Yanzu tashar caji mai sauri nake zuwa, mai kilowat 50. Ga tsada, ga layi.

A Landan ana saka wurin caji a jikin turakun fitilun titi, a Amsterdam kuma an taɓa ba mazaunin da ba shi da wurin ajiye mota damar neman hukuma ta kafa caja kusa da gidansa. Irin wannan nake so a layinmu. Na rubuta wa hukumar birninmu sau biyu, shiru.

Wa ya taɓa samun amincewa? Shi kaɗai ya nema, ko sai da maƙwabta suka sa hannu? Kuma wanda aka yanka masa siririn rami a daɓen hanya don waya ta bi ciki, izinin wa ya fara nema, mai gida ko hukuma?