Ƙarin garanti a kan talabijin: a biya ko a bari?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Zan sayi talabijin mai inci 55, garantin kamfani shekara 1 ne. Mai shago ya ce in na ƙara kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin, zai ƙara min shekara 2. Masu sani, abin yana da amfani ko cin kuɗi ne kawai?

Mai Gyara Sabongari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki karɓi takardar tukuna ki karanta wajen da suka jera abin da ba ruwansu da shi, don maganar duk a nan take. Garanti na matsalar da ta taho daga masana'anta ne. Mu kuwa nan wuta ce ke kashe talabijin: a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, ko janareta ya yi ta hawa da sauka. Sai fis ya tashi, fawa bod, wato allon da ke karɓar wuta ya raba ta cikin talabijin, ta ƙone. Da injiniyansu ya buɗe baya ya ga tabon ƙuna, shi ke nan, zai ce laifin wuta ne. Haka tsawa da damina, wadda ke biyo wayar dish ta ratsa dikoda ta shiga ta HDMI, wayar da ke haɗa dikoda da talabijin, ta kashe babbar bod, wato allon da ke sarrafa hoto da murya. Fashewar gilashi, ruwa, kyankyasai da suka yi gida a kan bod, yawanci duk babu su a ciki.

Abu Sadiq:
Gaskiya ne, amma a duba ɗaya gefen. Cikin talabijin ta LED abu huɗu zuwa biyar ne: fawa bod, babbar bod, T-con (ƙaramar bod mai tura hoto zuwa gilashi), fitilun baya masu haska allon, sai fanel, wato gilashin da ke nuna hoto. Wanda ya fi mutuwa da kansa shi ne fitilun baya. A jere suke a layi, in ɗaya ta mutu sai layin ya ɗauke, wani lokaci duka allon. Alamarsa: ana jin murya, hoto babu, amma in kin haska tocila dab da gilashin za ki ga hoton dishi-dishi. Wannan mai gyara zai canja su, kuma a canja duka layukan, ba ɗaya ba, don sauran ma sun gaji. Kuɗinsa bai kai a ɗaga hankali ba.

Fanel ne tashin hankali. In layuka suka fito tsaye a allon ko rabi ya yi duhu, kuɗin sabon fanel kan kusa kai na sabuwar talabijin. Saboda haka in takardar ta ambaci fanel ƙarara, kuma talabijin ɗin babba ce mai tsada, ƙarin yana da ma'ana. In ƙarama ce mai inci 32, ki riƙe kuɗinki.

Maman Ilham:
Na gode. To me zan tambaye shi kafin in yanke shawara?

Abu Sadiq:
Wa ke bayarwa, kamfanin ko shagon? In shagon ne da baki, ki bari, gobe yana iya tashi. Shekara 2 ɗin daga ranar saye za a fara ƙirga ko bayan na kamfani ya ƙare? Wasu daga ranar saye suke lissafi, kin ga shekara 1 kawai kika saya. Kayan gyara da kuɗin aiki duka suna ciki? Ina wajen gyaransu yake? In sai an kai Legas, wa zai biya mota, wa zai ɗauki asara in gilashi ya fashe a hanya? Kuma lambar da ke bayan talabijin ta yi daidai da ta rasit da katin garanti. Kada kowa ya kwance talabijin ɗin kafin masu garantin, in ba haka ba garantin zai faɗi.

Mai Gyara Sabongari:
Ko kin biya ko ba ki biya ba, ki sayi TV guard, mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ya ɗan jira kafin ya sake ta. In wutar unguwarku ba ta cika ƙarfi, ki haɗa da sitabilaiza, mai 1000VA ya ishi talabijin da dikoda. Hasken baya kuma, a cikin saitin talabijin, ki sauke shi zuwa 60 ko 70, kada ki bar shi a 100 yadda yake a shago, zafi ne ke cinye fitilun. Hadari ya taso, ki zare filogi da wayar dish gaba ɗaya, kashewa da rimot ba ya hana komai.