Tsakuwar kunnen kifi: mu tsayar da suna ɗaya

Malamai da 'yan uwa, sunaye uku aka kawo wa abin da masana ke kira otolit: ƙashin kunne, dutsen kunne, tsakuwar kunne. Ni na ukun nake goyon baya.

A ƙoƙon kan kifi, dab da ƙwaƙwalwa, akwai 'yan ƙwayoyi farare masu tauri guda 6, uku a kowane gefe. Da su yake jin sauti, da su kuma yake rarrabe sama da ƙasa a ruwa.

Ƙashin kunne dai mu ajiye shi, don ba ƙashi ba ne. Sinadarinsa irin na ɓawon katantanwa ne. Ƙashi kuwa jiki na cinye shi ya sake ginawa, amma wannan sai dai ya ƙaru, layi bisa layi, har kifin ya mutu. A 1971 wani masanin kimiyya, Giorgio Pannella, ya nuna cewa ban da layin shekara, akwai na kowace rana. Da ƙirga irin waɗannan layuka a na karfasa aka gano lokacin shekarar da mutanen Makhadma, a bakin Kogin Nilu na Masar, ke kamun kifi fiye da shekara 12,000 da suka wuce. Sannan tarwaɗa na da ƙananan ƙasusuwa na gaske da suka haɗa jakar iskarta da kunnen ciki. In muka ba da sunan nan, su kuma mu kira su me?

Dutsen kunne bin kalmar Girkanci ne sawu da ƙafa. Bahaushe in ya ji dutse, na niƙa yake hangowa ko na hawa. Ƙwayoyin kunnen kifi na tsoffin tafkuna kuwa galibi 'yan milimita ne, sai an wanke laka an tace da rariya ake tsince su. Haka aka yi a St Bathans ta ƙasar Niyu Zilan, inda tafkin Manuherikia ya kwanta shekara miliyan 16 zuwa 19 da suka shuɗe. Ƙasusuwan kifin sun warwatse, amma siffar 'yan ƙwayoyin nan ta fayyace dangin kifayen da suka rayu a ciki, domin kowane iri da tasa siffar. Abin da rariya ke tarewa ai tsakuwa ne.

Wani malami ya ce za a ɗauka cuta ce, saboda tsakuwar ƙoda. Allah gafarta malam, maganarka abin dubawa ce, shi ya sa nake so a riƙa faɗin sunan cikakke: tsakuwar kunnen kifi. Jam'i, tsakuwoyin kunnen kifi.

Wadda aka tono daga ƙasa fa? 'Yan jarida na cewa burbushi, amma burbushi abin da ya farfashe ne, ita kuwa sau da yawa lafiya lau ake samunta. Mu ce ta dauri, yadda muke cewa mutanen dauri.

Kuma za mu buƙaci kalmar. A Gobero, cikin Tenere ta Nijar, an tono ƙasusuwan giwan ruwa a bakin tafkin da ya ƙafe tun tuni. Ɗalibin da zai rubuta tarihin irin waɗannan ruwaye da Hausa bai kamata ya tsaya yana lalube ba.

Wanda ke kusa da Sarkawan Yawuri ko masuntan Baga, don Allah ya fasa kan kifi a gabansu, ya kawo mana sunan da suka kira ta. Nasu shi ne gaba da namu.