Dan Allah a taimaka: ƙashin mamana yana cinyewa a gefen ƙarfen da aka sa mata

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. An yi wa mamana aikin canjin gaɓar ƙugu sama da shekara goma da suka wuce, lafiya lau take tafiya har ta ajiye sanda, sai kwanan nan ta fara kukan ciwo a matsematsi da cinya, musamman in ta tashi daga zaune, takun farko sai ka ga ta cije leɓe, in ta ɗan taka sai ya lafa. Mun yi hoto, likita ya nuna mana wani baƙin layi a gefen ƙarfen da aka sa mata a gaɓar da wani wuri kamar rami a ƙashin, ya ce robar ciki ce ta goge kuma wataƙila sai an sake aiki. Ta yaya roba za ta ci ƙashi? Kuma babu maganin da za ta sha ba sai an sake yanka ta ba? Wlh tsoron aikin take.

Wata 'yar uwa:
Allah ya ba Mama lafiya. Ki gwada ba ta kalsiyam da bitamin D, ance suna gina ƙashi.

Ma'aikacin ɓangaren ƙashi:
Wa'alaikumus salam. 'Yar uwa ba rashin kalsiyam ba ne, don haka kar ku tsaya a nan. Ba robar ke cin ƙashin da kanta ba, jikin ne ke ci. Duk taku ɗaya kan ƙarfen yana gugar robar da yake juyawa a cikinta kamar yadda tafin takalmi ke cinyewa, sai ƙura ta riƙa fita, ƙanana ƙwarai, da yawansu ba su kai girman ƙwayar cuta ba. Sojojin jiki da ake kira makurofaj sai su haɗiye su da zaton abokan gaba ne, to amma roba ba ta narkewa a cikinsu, sai su yi ta sakin sinadaran kumburi irin su TNF da IL-1, su kuma waɗannan su ke ta da ƙwayoyin da aikinsu shi ne rushe ƙashi, rushewa ta fi ginawa, a hankali ƙashin da ya riƙe ƙarfen ya zaizaye ƙarfen ya fara motsi, in ya fara motsi kuma gugar ta ƙaru. Abin da ya fi damuna da wannan matsalar shi ne shekaru take yi babu ciwo ko kaɗan, sai ɓarna ta yi nisa.

Tsohuwar matsala ce. John Charnley, likitan da ya yi fice a aikin canjin gaɓar ƙugu a Ingila, da wani nau'in roba mai suna Teflon ya fara, ya goge da wuri ya jawo irin wannan, sai a 1962 ya koma wata robar mai suna foliyetilin. Can ƙarshen shekarun 1990 aka fito da wadda aka ƙara wa ƙarfi, gogewarta ta ragu sosai.

Wani ɗan uwa:
Ku nemi takardar aikin farko ku ga wane iri aka sa mata. In ƙarfe ne a kan ƙarfe ba roba a tsakani to lissafin daban ne, shi ƙurar ƙarafan kobalt da kromiyam yake zubarwa, har gwajin jini ake yi a kansu. Akwai wani samfurin irin wannan gaɓar mai suna ASR da aka janye daga kasuwa a 2010.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To yanzu me zan tambayi likitan in mun koma?

Ma'aikacin ɓangaren ƙashi:
Farko dai a tabbatar ba ƙwayar cuta ba ce, domin ita ma tana kwance ƙarfe kuma maganinta daban, za a yi gwajin jini na ESR da CRP masu nuna alamar kumburi a jiki, wani lokaci har a zuƙo ruwan gaɓar da allura. Ki tambaya ko ana buƙatar hoton CT, shi ya fi nuna girman ramin, hoton da aka saba yakan rage shi. Sai babbar tambayar, ƙarfen yana nan daram ko ya saki? In yana nan daram wani lokaci robar kawai ake canzawa a cike ramin da dashen ƙashi, aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. In ya saki sai an cire an sa sabo. Ki lallaɓa Mama ki fahimtar da ita cewa jira ba ya rage aikin, ƙashin da likita zai kafa sabon ƙarfe a kai ne ke raguwa, kuma ƙashin da ya yi siriri yana iya karyewa. Kafin nan ta koma riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, kuma in ta kasa taka ƙafar ko zazzaɓi ya zo, ku tafi asibiti a ranar.